Zagi da Yabo, Wanne Ya Fi Hatsari?

Ga wata tambaya da na ke so mu auna tare a wannan wata. Da mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya zage ka, da wanda ya tsaya a gaban jama'a ya yi maka kirari, wanne ya kamata ka fi jin tsoronsa? Na sani da yawa za su ce tambayar ba ta da wuya, gama mai zagi maƙiyi ne, mai yabo kuwa masoyi. Amma kada mu yi garajen amsawa. Sau da yawa a kan yi wa rogo kallon kitse.

Samarinmu su kan cika gidajen kallon ƙwallo ran Asabar da ran Lahadi da yamma, har waɗansunsu sun san sunayen 'yan wasan Ingila fiye da sunayen manzanni goma sha biyu. Ba faɗa na zo yi a kan wannan ba yau. So na ke in ba ku labarin wani ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila wanda galibin samarin nan ba su san shi ba, gama ya bar wasa tun ba a haifi da yawansu ba. Sunansa Cyrille Regis. An gwada shi da zagi, an kuma gwada shi da yabo, duka biyu a idon dubban mutane, shi kuwa bai ɓoye yadda ya fita daga cikin kowannensu ba.

Asalinsa

An haifi Regis ran 9 ga Fabrairu 1958 a Maripasoula, wani gari a bakin kogi cikin kurmin Gayana ta Faransa, a Amurka ta Kudu. Ubansa mutumin tsibirin Saint Lucia ne. A 1962 uban ya tafi Ingila neman abinci, iyalinsa suka bi shi a 1963, yaron yana da shekara biyar. Suka zauna a Landan, a unguwannin talakawa. Cikin ɗarikar Katolika aka goye shi. Da ya bar makaranta sai ya koyi aikin haɗa wayar lantarki, ya sami takardar shaida, yana cin abinci da aikin hannunsa. Ƙwallo kuwa a ƙananan kulob ya ke bugawa, Molesey da fari, kana Hayes, inda 'yan wasa ke da sana'arsu dabam.

A 1977 wani mutum mai suna Ronnie Allen, wanda aikinsa ne ya nemo wa kulob ɗin West Bromwich Albion 'yan wasa, ya gan shi. Manyan kulob ɗin suka yi ta jan ƙafa, ba su so su kashe kuɗi a kan yaron da ba wanda ya san shi. Allen ya ce in haka ne shi zai biya daga aljihunsa. To, aka saye shi fam 5,000, da alkawarin ƙarin fam 5,000 in ya buga wasa 20. Wasansa na fari, a ƙarshen Agusta 1977, ya jefa ƙwallo biyu a ragar Rotherham. Yaro mai shekara 19, ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji, ga gudu, ga ƙafa mai nauyi. Nan da nan sunansa ya bazu.

Gwaji na fari: zagi

Sai mu tuna irin zamanin. A shekarun nan baƙin mutum a filin ƙwallon Ingila abin a nuna da yatsa ne. Ƙasar tana cikin gardama mai zafi a kan baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan da Afirka da Indiya. Akwai wata jam'iyya mai ƙin baƙar fata, National Front, wadda mutanenta su kan tsaya a ƙofofin filayen wasa suna raba takardunsu, suna neman samari. Ga shi kuwa West Bromwich ta fito da baƙaƙe uku gaba ɗaya: Regis, da Laurie Cunningham, da Brendon Batson wanda ya zo a 1978. A lokacin ba a saba ganin haka a manyan kulob ba.

Idan suka je wasa wani gari, dubban mutane su kan ɗauki kukan biri duk sa'anda ƙwallo ta zo ƙafar ɗayansu. A kan jefo musu ayaba. A kan aiko musu da wasiƙun zagi. Mai karatu, ka tsaya ka auna wannan. Idan mutum guda ya zage ka a kasuwa, yini guda za ka yi zuciyarka tana tafasa. To, yaya mutum dubu goma, kowane mako, shekara da shekaru, kai kuwa ba ka yi musu laifin kome ba sai fatar da Allah ya ba ka?

A 1982 aka kira Regis ya buga wa ƙasar Ingila. Yana da hanyar buga wa Faransa saboda wurin haihuwarsa, amma Ingila ya zaɓa. Kafin ranar wasan sai wasiƙa ta zo masa ta gidan waya. Da ya buɗe ya tarar da harsashi a ciki, da takarda mai yi masa kashedi, wai in ya sa ƙafa a filin Wembley za a harbe shi a gwiwa da irinsa. Ya tafi Wembley cikin watan Fabrairu na shekarar, ya shiga wasan da aka yi da Ailan ta Arewa. Shi ne baƙin mutum na uku da ya buga wa babbar ƙungiyar Ingila, bayan Viv Anderson da Cunningham. Harsashin kuwa bai yar ba, ya ajiye shi abin tunawa.

Yaya ya jimre? Shi da kansa ya bayyana sau da dama. Ya ce fushin yana nan, amma ya kan haɗiye shi ya mai da shi ƙarfin wasa, domin amsar da ta fi yi wa masu zagi ciwo ita ce ƙwallo a ragarsu. Ran 30 ga Disamba 1978 West Bromwich ta je gidan Manchester United, ana yi wa baƙaƙen nan ihu, ta ci 5 da 3, Regis ne ya jefa ta biyar. Kafin ya bar kulob ɗin a 1984 ya ci ƙwallo 112.

Haƙuri tsoro ne?

A nan wani saurayi zai ce mini, “Fasto, wannan ai ragwanci ne. A zagi uwarka da ubanka ka yi shiru? Ai rama cuta ga macuci ibada ne.” Na sha jin wannan magana, har daga bakin waɗanda aka yi musu baftisma. Bari mu dube ta da kyau.

Me mai zagi ke nema? Abu biyu ne, kowanne ya samu ya ci riba. Ko dai ka ji tsoro ka gudu ka bar masa wurin, ko kuwa ka hasala ka kai duka, a kore ka, ya ce wa jama'a, “Kun gani? Ai na faɗa muku halinsu.” Da mai gudu da mai duka, dukansu biyu rawar gangarsa su ke takawa. Da Regis ya ƙi zuwa Wembley, da mai harsashi ya yi nasara. Da ya haura cikin 'yan kallo ya naushi wani, da alƙalin wasa ya kore shi, jaridu kuma su ce baƙar fata ba su da ladabi. Ya ƙi ba su ko ɗaya. Ya tsaya inda ba a so ya tsaya, ya yi aikin da aka ce ba zai iya ba. Matsoraci ba ya yin haka. Manzo Bitrus ya nuna mana Ubangijinmu da kansa, yadda aka zage shi bai rama ba, ya bar shari'ar ga Allah (1 Bitrus 2:23), ba kuwa wanda zai ce tsoro ne ya kai Yesu Urushalima.

Amma kada a karkatar da maganata. Haƙuri bai hana mutum faɗin gaskiya ba. Sa'anda wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, Yesu ya tambaye shi dalilin marin (Yohanna 18:22-23). Sa'anda aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba bisa shari'a ba, aka so a sallame shi a ɓoye, ya ƙi, sai da mahukunta suka zo da ƙafarsu suka ba shi haƙuri (Ayyukan Manzanni 16:35-39). Akwai kuma wani abu. Haƙuri rabon wanda aka zaga ne. Wanda ya tsaya yana kallo, rabonsa ya buɗe baki. A filayen Ingila akwai dubban mutanen kirki waɗanda ba su yi kukan biri ba, amma ba su hana na kusa da su ba. Manyan wasa da jaridu suka daɗe suna kau da kai. Sai a 1991 aka kafa dokar da ta haramta waƙoƙin zagin launin fata a filin ƙwallo, a 1993 kuma aka fara yaƙin da ya zama ƙungiyar Kick It Out. Kafin nan yara baƙaƙe nawa ne zagi ya karya musu zuciya suka bar wasan? Regis ya jimre, amma jimrewarsa ba ta wanke masu zagi ba, ba ta kuwa wanke masu shiru ba. Ciwon ma bai warke sarai ba, gama a Yuli 2021, da Ingila ta faɗi wasan ƙarshe na kofin Turai, an bi Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, da Marcus Rashford da Jadon Sancho da irin zagin nan ta intanet.

To, a gwaji na fari Regis ya ci. Da labarin ya ƙare a nan, da sai mu ce madalla, mu rufe takarda. Amma akwai gwaji na biyu.

Gwaji na biyu: yabo

Filin da a ke zaginsa a ciki, a cikinsa a ke yabonsa. A gida, a West Bromwich, dubbai su kan rera sunansa. Yara suna manna hotonsa a bango. Yaron da jiya ya ke jan waya a wurin gini, yau ga kuɗi, ga mota, ga kowace ƙofa a buɗe. Duk gidan shaye-shaye da ya shiga akwai mai cewa shi zai biya. A zamanin nan shan giya bayan wasa al'ada ce tsakanin 'yan ƙwallon Ingila, wanda ya ƙi ma a kan ga kamar ba ya son zumunci. A 1987 ya ci babban kofin FA tare da Coventry City, suka doke Tottenham 3 da 2 a Wembley, filin nan da aka ce kada ya taka. A shekarar ya buga wa Ingila wasansa na biyar, na ƙarshe ke nan.

A waje kome lafiya. A ciki fa? Shi da kansa ya faɗi, cikin littafin tarihin ransa da ya fito a 2010 da kuma a wuraren da ya ba da shaida, cewa ya ba da kansa ga sha da yawon dare da bin mata, alhali yana da mata da 'ya'ya a gida. Allah kuwa, wanda aka koya masa tun yana yaro, ya ajiye shi a gefe. Ku duba abin mamaki. Mutumin da mutum dubu goma suka kāsa tanƙwara shi da zagi, mutumin da harsashi bai mai da shi baya ba, ga shi daɗin bakin masoya ya kai shi ƙasa ba tare da an ji ko ƙara ba.

Ba shi ne na fari ba. Dauda ya jimre māshin Shawulu, ya kwana cikin kogwanni, sau biyu maƙiyinsa ya faɗo hannunsa bai taɓa shi ba. A ina ya fāɗi? A kan soron gidansa, sa'anda ya zama sarki, kowa yana yi masa fādanci, ba mai iya ce masa a'a (2 Sama'ila 11). Mai hikima ya kwatanta yabo da wutar maƙeri wadda a ke gwada azurfa da zinariya a cikinta (Misalai 27:21). Mu da mun zaci zagi ne wuta, yabo kuwa ruwan sanyi. Littafi Mai Tsarki ya ce yabo ma wuta ne.

Me ya sa yabo ya fi ƙarfi?

Na ga dalili huɗu.

Na ɗaya, zagi ya kan zo da fuskar maƙiyi, saboda haka mutum ya kan rufe ƙofa ya yi tsaro. Yabo kuwa da sallama ya ke zuwa, mu da kanmu mu ke shimfiɗa masa tabarma. Da ɗan gari a kan ci gari.

Na biyu, zagi galibi ƙarya ce tsagwaronta, zuciya kuwa tana iya tofar da ita. Regis ya san shi ba biri ba ne. Amma yabo da gaskiya a cikinsa. Da aka ce shi gwani ne, ai gwanin ne. Sai dai zuciya ba ta tsayawa inda gaskiyar ta tsaya. An ce maka kai gwani ne a fili, zuciya ta ce ashe kai dabam ne da sauran mutane, dokar da ta ɗaure su ba ta ɗaure ka ba, alkawarin da ka yi wa matarka ma ana iya sassauta shi saboda kai ne. Guba ba ta shiga ciki sai an haɗa ta da zuma.

Na uku, zagi ya kan tara wa mutum 'yan'uwa. Regis da Cunningham da Batson suna da juna, abin da ya sami ɗaya ya sami duka. Yabo kuwa ya kan raba mutum da masu faɗa masa gaskiya. Wa zai tsauta wa wanda gari duka ke tafa masa? Waɗanda ke ci a inuwarsa ba za su yi ba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya yi magana, sai a ce hassada ce.

Na huɗu shi ne ya fi nauyi, ina roƙo a lura da shi. Makamin da mutum ya kan yaƙi zagi da shi, sau da yawa da girman kai aka ƙera shi. “Zan nuna musu ko ni wane ne.” Wannan magana tana da ƙarfi, ta kan tashi mutum da asuba, ta kai shi inda ba a zata ba. Ban raina ta ba. Amma ku duba, har yanzu idon mai faɗinta a kan jama'a ya ke. Jiya yana so ya rufe bakinsu, yau yana so bakin ya yi ta buɗewa da sunansa. Jama'a ce dai ke riƙe da ma'auninsa. Saboda haka makamin da ya yi aiki a gaban maƙiyi ba shi da amfani a gaban maroƙi, gama abincin girman kai ke nan a ke miƙo masa. Shi ya sa mai hikima ya ɗaukaka wanda ya mallaki zuciyarsa bisa wanda ya ci birni da yaƙi (Misalai 16:32). Birni yana da ganuwa, ana ganin inda za a kai hari. Zuciya kuwa, mai tsaronta shi ne ɓarawonta.

Ku tuna da Bulus da Barnaba a Listra (Ayyukan Manzanni 14:8-20). Da suka warkar da gurgu, mutanen gari suka ce alloli ne suka sauko, har firist ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. Manzannin suka kyakketa tufafinsu, suka ruga cikin taron suna ihu a bari. Ba a jima ba aka zuga taron nan, suka jejjefi Bulus, suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu. Da ya farfaɗo me ya yi? Ya tashi ya koma cikin garin. Ba a ce ya keta rigarsa saboda duwatsu ba. Saboda bijimai ya keta ta. Bulus ya san wanne ya fi hatsari. Ya kuma ga da idonsa cewa bakin da ya yi kirari da safe shi ne ya yi tofin tsiya da yamma.

Mutuwar aboki

Laurie Cunningham ya bar West Bromwich a 1979, ya koma Real Madrid a ƙasar Sifen, a kan fam 950,000. Abutarsa da Regis ba ta yanke ba. Wajen 1987 su biyu suka yi hatsarin mota tare, Allah ya sa suka fita da rai. Ran 15 ga Yuli 1989 Cunningham ya sāke yin wani hatsarin a Madrid, wannan karon bai tashi ba. Shekararsa 33.

Mutuwar nan ta girgiza Regis har gindi. Ga abokinsa, wanda ya sami dukan abin da su biyu suka yi ta nema, suna da kuɗi da tāfi, ya tafi bai ɗauki ko ɗaya ba. Shi ma da shekara biyu baya ya mutu, ina zai dosa? Taron da ke rera sunansa ba shi da amsar wannan tambaya. Ya shiga nema, ya yi magana da waɗansu masu bi, ya yi karatu, har ya ba da ransa ga Yesu Almasihu.

Kada mu mai da labarin kamar tatsuniya, wai daga nan kome ya zama zuma. Gafara ta kan share laifi a gaban Allah, amma tabon da mutum ya yi wa waɗansu ba ya ɓacewa rana ɗaya. Aurensa na fari bai tsira ba. Duk da haka mutumin ya sāke, waɗanda suka san shi kuwa sun shaida. Ya ci gaba da wasa a Aston Villa, da Wolverhampton, da Wycombe, da Chester, har 1996, yana da shekara 38, ba ya jin kunyar faɗin bangaskiyarsa a ɗakin da 'yan wasa ke sa kaya, inda ba'a ta fi yawa. Daga baya ya koyar da wasa, ya zama wakilin 'yan wasa yana yi wa samari jagora. Ya zama ɗaya daga cikin amintattun ƙungiyar Christians in Sport. Ya yi aiki da ƙungiyar WaterAid mai neman wa talakawa ruwan sha, har ya je Habasha a 2007. A 2008 aka ba shi lambar girma ta MBE.

Ya rasu ran 14 ga Janairu 2018, ciwon zuciya ne, yana da shekara 59. 'Yan wasa baƙaƙe da suka biyo bayansa, irin su Andy Cole da Dion Dublin, suka shaida cewa ganinsa ne ya sa suka gaskata su ma za su iya. A 2019 aka kafa mutum-mutuminsu su uku a garin West Bromwich. Wannan yabo dai ba zai cuce shi ba, gama ya riga ya tafi inda kunnensa ke jin wata murya.

Mu fa?

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da fili mai cin mutum dubu hamsin, amma gwajin nan biyu suna nan a ƙofarmu.

Zagi mun san shi. Waɗansunmu an kira su da sunayen raini saboda bangaskiyarsu, waɗansu saboda ƙabilarsu, abin kunya kuwa, wani lokaci a cikin ekklesiya ne ɗan wannan yare ke raina ɗan wancan. A kan wannan mu kan yi wa'azi, mu kan yi addu'a, mu kan ƙarfafa juna. Amma yaushe rabon da mu yi addu'a domin ɗan'uwan da a ke yabo? Yarinyar da ta fi kowa murya a ƙungiyar mawaƙa, saurayin da ya ci jarrabawa ya sami babban aiki, attajirin da a ke kiran sunansa da yawan kuɗinsa ran bikin godiya ana guɗa, waɗannan suna cikin wuta, mu kuwa muna ƙara mata itace muna cewa albarka ce.

Ban fid da kaina ba. Idan na gama wa'azi na tsaya a bakin ƙofa, mutane suna fita suna cewa, “Baba, yau ka taɓa mu,” na kan iske zuciyata tana ƙirga su. Ranar da aka yi shiru kuwa na kan koma gida ba daɗi, ko da na san gaskiya na faɗa. Wanda ya yi mini baƙar magana ya kan kai ni ga durƙusa. Wanda ya yabe ni bai taɓa kai ni ba. Yahaya ya ba da labarin shugabannin da suka gaskata da Yesu amma suka ɓoye, domin sun fi son girman da mutane ke bayarwa (Yohanna 12:42-43). Ba bulala ce ta rufe bakinsu ba.

Wani zai ce, to, sai mu daina yabon kowa ke nan? A'a. Yabon gwani ya zama dole, Bulus ma ya cika sura ta 16 ta Romawa da sunayen waɗanda ya yaba. Yaron da ba a taɓa ce masa madalla ba ya kan yi yaushi kamar shuka ba ruwa. Amma ruwan da ya rayar da shuka, in ya yi yawa shi ke ruɓar da saiwarta. Ga shawara uku da na ke ba kaina, na ke kuma ba ku.

Ta fari, ka nemi Natan naka. Ka sami mutum ɗaya, ko matarka, ko wani dattijo, ko abokin ƙuruciya, wanda ba ya cin kome a hannunka, ka ba shi izini ya faɗa maka abin da ba ka so ka ji. Ka neme shi tun kafin sunanka ya yi girma, gama bayan haka da wuya a same shi.

Ta biyu, da zagi da yabo, ka kai su wuri guda, watau gaban Allah, ka yi musu tambaya guda: mene ne gaskiya a cikin wannan? Abin da ke gaskiya cikin zagi, ka tuba da shi, sauran ka bar wa mai shari'a. Abin da ke gaskiya cikin yabo, ka mayar wa wanda ya ba ka baiwar, sauran ka zubar. Kada ka kwana da ko ɗaya a ƙirjinka. Sa'anda taro ya so ya naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, ya rabu da su ya hau dutse shi kaɗai (Yohanna 6:15).

Ta uku, idan ɗan'uwanka a ke zagi, kada ka tsaya nesa kana yi masa wa'azin haƙuri. Ka matso kusa da shi, ka buɗe baki. Idan kuwa yabonsa a ke yi, ka yi murna tare da shi, sa'an nan ka shiga ɗaka ka yi masa addu'a kamar wanda ke tafiya a bakin rami.

Ya kai mai karatu, wa ke riƙe da ma'auninka? Idan jama'a ce, to, ran da suka zage ka za ka mutu da baƙin ciki, ran da suka yabe ka kuwa za ka bugu, kai bawansu ne ko ta wace hanya. Regis ya yi shekara goma sha biyu dubbai suna kiran sunansa, waɗansu da ƙiyayya, waɗansu da ƙauna, bai sami hutawa ba sai da ya ji kiran wanda ya mutu dominsa. Ubangiji ya yi alkawarin sabon suna ga mai nasara, sunan da ba wanda ya san shi sai mai karɓa (Ru'ya ta Yohanna 2:17). Taro ba ya iya rera wannan suna, ba ya kuwa iya ɓata shi.

Allah ya ba mu haƙuri a ranar zagi, ya ba mu tsoronsa a ranar yabo. Amin.